Kafaɗar Ya Falmata

Duk shekara ana turo mini ɗalibai daga makarantar koyon aikin lafiya su yi wata biyu a hannuna, kuma duk shekara sai an sami ɗaya da za ta ce ita ɓangaren rigakafi take so saboda ba wahala. Bana ma an samu. Wata doguwa mai fararen takalma ta dube ni ta ce ai aikin bai wuce abu uku ba, a soka, a danna, a zare. Na ce mata haka ne, tuƙa tuwo ma juya muciya ne kawai, sai ta je ta tuƙa na gidan biki mu gani. Suka yi dariya, ni ban yi ba. Shekara talatin da wani abu ina yi wa mutane allura, tun daga jariri ɗan kwana ɗaya har tsohon da ake riƙowa, kuma akwai allura ɗaya da har yau ban san abin da ta yi ba. Labarinta zan ba ku, ku da kuke ganin abin wasa ne. Amma sai na fara da Malam Buba, don in ba ku san shi ba, ba za ku gane inda na kauce ba.

Aikin farko da Malam Buba ya ba ni lemo ne. Ni 'yar Azare ce, sunana Rakiya, da na gama makaranta aka tura ni wani ɗan ƙaramin asibiti a wajen Hardawa, ɗaki biyu da rumfa, shi ne babba a wurin. Dogon Bafillace ne mai ƙarancin magana, kullum da biro a bayan kunne. Na zo da sabuwar farar riga ina jira a ba ni yaro in yi masa allura, sai ya miƙo mini lemo ɗaya da sirinjin gilashi ya ce in yi ta sokawa har sai ya ce ya isa. Mako biyu ina sokar lemo, in ya ruɓe ya kawo wani. A lokacin ba a yar da sirinji kamar yanzu, dafawa muke yi a tukunya a kan risho. Firjinmu kuma da kananzir yake aiki, da lagwani irin na fitila. Kowace safiya kafin in gaida kowa sai na durƙusa na leƙa wutar lagwanin nan. In shuɗiya ce to lafiya, in ta yi ja tana hayaƙi maganin da ke ciki ya shiga uku, ni ma na shiga.

Ranar da ya fara barina na taɓa mutum, wani manomi ne fartanya ta sare shi a ƙafa, za a yi masa allurar tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora. Mutumin yana zaune a benci, na zo na tsaya a kansa da allura a hannu ina jin kaina. Ban ankara ba sai jin rula na yi a bayan hannuna.

"Abu uku ne, Rakiya," in ji Malam Buba. "In ya zauna, ki zauna. Ki ga hannun duka, daga kafaɗa har gwiwar hannu. Ki laluba ƙashin da ke saman kafaɗa, ki jera yatsunki uku a ƙarƙashinsa, sannan ki soka ƙasa da na ukun."

Daga baya ya yi mini bayani. Wanda yake tsaye daga sama yake kallon kafaɗa, don haka allurarsa can sama take sauka, kuma saman nan ba tsoka, gaɓa ce. In allura ta kauce ta shiga wurin, tana iya tayar da ciwon da zai daɗe bai saki mutum ba. Na haddace maganar kamar karatun allo. Shekara da shekaru ko a gigice nake sai yatsuna uku sun sauka a kafaɗar mutum kafin allura ta sauka.

Sauran aikin ku ma za ku koya in kun rage duba waya. Akwatin sanyi da ake saɓawa a kafaɗa, da ƙanƙarar da ake jerawa a gefensa, wadda ba a sakawa tana da ƙarfi kamar dutse sai ta fara zufa, don wani maganin daskarewa ke kashe shi ba zafi ba. Da ɗan tabon da ke jikin kwalba, wanda in cikinsa ya yi duhu kwalbar ta tashi aiki ko da ranar ƙarewarta ba ta zo ba. Jariri a cinya ake yi masa, ban da ta lamba, wato ta tarin fuka, da ake yi a fatar hannu. Amma mafi wuya shi ne baki. Kafin uwa ta tashi sai kin gaya mata yaron zai iya yin zazzaɓi yau da gobe, wurin zai iya kumbura, zai yi rigima, ga abin da za ta yi. In kin faɗa mata tun da wuri, da ya faru za ta ce Malama ta san aikinta. In kika yi shiru ya faru, to duk bayanin da za ki yi daga baya kare kai ne a kunnenta, kuma ba za ki sake ganin ɗanta ba.

Aure da aiki suka kai ni Katagum, a can na yi rabin rayuwar aikina, a can kuma na san Ya Falmata. Iyayenta daga wajen Yobe suka zo tun tana goye, Hausa a bakinta kamar kowa, sai in ranta ya ɓaci take komawa yarensu. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. A soya gyaɗa, a murje, a kai inji, a juye a turmi, sannan ta tsaya da taɓarya tana juyawa ana ɗiga ruwan zafi har mai ya taso. Tun tana amarya take wannan juyin, da shi ta yi rainon 'ya'ya biyar bayan rasuwar mijinta. Ba ta da muƙami ko takarda, amma duk ranar da za mu je unguwarsu rigakafi ita nake fara aika wa. Gida-gida take shiga, tana tsokanar wannan tana yi wa waccan faɗa, sai ta koro mini mata da goyonsu kamar mai koro awaki. Unguwar da Ya Falmata ta ce a fito, ana fitowa.

Mummunar shekarata ita ce ta allurar korona. Da can yara da masu ciki muka sani, sai ga shi an ce manya za mu yi wa, har tsofaffi. Wayoyi kuwa sun cika da saƙonnin murya, kowa da abin da ya ji. Wanda ya fi kama mutanen wajenmu shi ne wai allurar tana busar da ruwan gaɓoɓi, bayan shekara biyu mutum ya ƙage. Ciwon jiki na kwana ɗaya ko biyu kam gaskiya ne, ni kaina da aka yi mini na kwana biyu kamar an yi mini duka, sannan ya wuce. Amma sai ga tsofaffin da na san gwiwoyinsu tun tuni suna zuwa da ƙorafi. Akwai wani Alhaji da ya zo ya ce tun da na yi masa allura gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa. Na ce Alhaji, kujerar da kake salla a kai a masallaci ai ta girmi korona da shekara biyar. Ya yi dariya ya ce ya ɗauka ko za a ba shi man shafawa ne. Irin waɗannan ba su dame ni ba, na san amsarsu. Har girman kai na fara yi da sanin amsa.

Ranar da abin ya faru a ƙofar gidan mai unguwarsu Ya Falmata aka ajiye mu, ƙarƙashin dalbejiya. Teburi ɗaya, benci biyu, kujera ɗaya, mai rubuta kati ta zauna a kai. Dattawan unguwa suka shimfiɗa tabarmi a gefe suna kallo, wai don mutane su ga da hannun manya a ciki. Niyya mai kyau ce, amma ba wanda ya tuna cewa mace ba za ta tuɓe hannun riga a gaban surukinta da limamin unguwa ba. Rigunan kuma irin ɗinkin yanzu, hannun ya kama damtse ba ya naɗuwa. Sai mata suka samo dabara: mace ta zauna, ta sa hannu ta ƙarƙashin hijabi ta janyo wuyan riga gefe, ta ɗan ɗaga hijabin, ƙoƙon kafaɗa kawai ya leƙo, ni kuma in sunkuyo daga tsaye in soka. Da safe ina cewa a ƙara ja ƙasa, ina cusa yatsuna ina aunawa. Da rana ta take, layi ya ƙi ƙarewa, ƙanƙara ta fara zama ruwa, sai na daina cewa komai. Abin da ya kamata in yi bai fi in ce a ba ni zaure da tabarma a rataya ba. Ban ce ba, don kada a ce matar nan ta cika iyayi.

Wajen la'asar layi ya ƙare, saura na mutum ɗaya a kwalbar da na buɗe. Kwalbar da aka buɗe awa shida gare ta, in ta wuce zubarwa ake yi, kuma ni zubar da magani yana ci mini rai. Na waiga na ga Ya Falmata tana naɗe tabarma. Tun safe take koro mata, ita ba ta zauna an yi mata ba. Na ce ta zo ta rufe mini kwalba. Ta ce in bar ta sai wani zuwan, gobe tana da juyin gyaɗa na ranar kasuwa. Na ce haba, mai koro mutane ita ce za ta gudu, me za a ce? Na ce tsamin kwana biyu ne ya wuce. Ta yi dariya ta zauna a bakin benci ta janyo wuyan rigarta. Ina tuna hijabinta ruwan ƙasa ne, ina tuna ƙanshin ƙuli a jikinta, ina tuna ana kiran salla. Amma ko wace kafaɗa ta ba ni, wallahi ban tuna ba.

Bayan mako uku 'yarta Yagana ta zo asibiti ta ce in je, hannun innarta ya ƙi. Na same ta zaune a tsakar gida ta rungume hannun dama a ƙirji kamar jariri. Ba ta iya ɗaga shi ta ɗaura ɗankwali, ba ta iya kai shi baya, kwanciya a kansa kuwa ba magana. Da na ga dama ce sai na ji sanyi a raina, don ni a hagu nake yi wa kowa, saboda hannun aiki ya huta. Na faɗa mata haka da ƙarfin gwiwata. Ta dube ni ta ce a dama na yi mata, ita ta juyo mini da shi, don ita tun da take ba ta taɓa miƙa wa mutumin kirki hagu ba, ko kafaɗa ce. Na duba katinta, akwai rana, akwai lambar kwalba, babu inda ake rubuta hannu. Na duba fatar, wurin allura ya daɗe da ɓacewa. Na rufe ido ina ƙoƙarin ganin bencin nan, wani lokaci in gan ni a damanta, wani lokaci a hagunta. Tun daga ranar kaina ya ɗaure.

Na cika takardar da muke cikawa in wani abu ya biyo bayan allura, na aika, sannan na ɗauke ta da kaina muka hau mota zuwa babban asibiti a Azare, Yagana na riƙe da ita saboda gargadar hanya. Likitan ƙashi ya yi mata hoto da gwajin jini, ya juya hannun har ta yi magana da yarensu. Tambayarsa ta farko ita ce yaushe ciwon ya fara. Ya Falmata ta ce washegarin allura. Yagana ta ce a'a Inna, tun daminar bara nake shafa miki man zafi a wannan kafaɗar. Uwar ta ce wancan ciwon gajiya ne, wannan daban ne, ita ce mai jikin. Suka yi ta ja a gaban likita. Sai kuma gwaji ya fito, ashe tana da ciwon suga ba ta sani ba.

Na bi likitan waje na tambaye shi tsakani da Allah. Ya ce kafaɗar ta sandare, wannan kam ya gani. Ya ce allurar da ta sauka sama da inda ya kamata tana iya kawo haka, kuma in hakan ne to ba laifin maganin kwalba ba ne, wurin da aka soka ne. Ya ce masu suga ma kafaɗarsu tana sandarewa haka kawai ba allura ba komai. Ya ce shekara talatin na juya taɓarya ma ya isa. Na ce to wanne ne a ciki? Ya ce hoto ba ya nuna wannan, yana iya zama ɗaya, yana iya zama duka sun haɗu. Na je da tambaya ɗaya na dawo da uku. Ya rubuta magani, ya ce a riƙa gasawa, ya koya wa Ya Falmata ta tsaya gaban bango ta sa yatsu su riƙa hawa a hankali kullum, iya inda za ta iya.

Duk ranar Laraba in na tashi daga aiki sai in biya gidanta da allin da muke yi wa gidaje alama lokacin ɗigon shan inna. Ta tsaya gaban bangon ɗakinta, yatsunta su hau, in ja layi a inda suka tsaya. Layin farko daidai ƙirjinta yake. Wata biyu layuka suna hawa kamar tsani, har muka fara murna. Da suka kai daidai kunnenta sai suka tsaya, mako bayan mako ina maimaita layi ɗaya har allin ya yi kauri a wurin. Turminta kuwa an kife shi a gindin bango, jikoki suna zama a kai. Masu sayen mai suka koma wani gida. Matar da ba ta taɓa zama ba sai ga ta tana tsince gyaɗar wasu da hannun hagu.

Unguwa kuma ta yanke nata hukuncin. Ba sai an yi gardama da saƙon waya ba, ga Ya Falmata nan kowa yana gani, ita da ta koro su. Ranar rigakafin yara ta zagayo na je da akwatina na zauna ƙarƙashin dalbejiyar nan daga hantsi har azahar, uwa uku na gani. Ba korona kaɗai suka guda ba, har ta ƙyanda da ta tetanus ɗin masu ciki. Ita Ya Falmata ba ta hana kowa ba, ba ta zage ni ba, ta dai daina shiga gidaje. A nan na rasa inda zan sa kaina. In na tara mata na ce ba maganin ba ne, suga ne da taɓarya, wataƙila ƙarya nake yi. In na ce ba maganin ba ne, hannuna ne ya kauce, wataƙila shi ma ƙarya ne, kuma wace uwa ce za ta miƙa cinyar jaririnta ga matar da ta ce hannunta yana kaucewa?

Sai na shirya na tafi Misau wurin Malam Buba, ya daɗe da yin ritaya. Na same shi a zaure, yatsunsa duk sun karkace da sanyin ƙashi, ko carbi da ƙyar yake ja. Na ba shi labari tun daga dalbejiya har allin bango. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce kin zauna? Na ce a'a. Kin ga hannun duka? Na ce a'a. Kin sa yatsu? Na ce ban tuna ba, amma ba na jin na sa. Na sunkuyar da kai ina jiran rula, da ma ya buge ni da na ji sauƙi. Sai ya ɗago hannayensa ya nuna mini ya ce shi ba wanda ya taɓa yi masa allura a yatsu, ga su nan. Ya ce na saɓa duka ukun, wannan tabbas ne, amma ko saɓawar ce ta kama kafaɗar, shi ma bai sani ba. Na ce to me zan gaya mata? Ya ce abin da na gaya masa. Na koma mota ina jin haushinsa, tafiya mai nisa na yi don a raba mini gardama, ba a raba ba.

Larabar da ta biyo na ja layina a wurin da ya saba tsayawa. Ina mayar da alli cikin jaka ta ce in zauna. Yagana tana gefe tana tankaɗe, lokacin an yi mata aure har ciki ya fara fitowa.

"Malama, wata shida ke nan ban tambaye ki ba," in ji Ya Falmata. "Yau zan tambaya. Allurarki ce?"

Na ce, "Ban sani ba, Ya Falmata."

"Ke da kika yi karatun?"

Sai na faɗa mata duka. Na ce akwai inda ake sokawa, yatsu uku ƙasa da ƙashin kafaɗa, a zaune, hannu a buɗe, kuma ranar ban yi ko ɗaya ba, ita ma ba don kanta na kira ta ba, don kada in zubar da ragowar kwalba ne. Na ce likita ya ce in allura ce to wurin ne ba maganin ba, ya kuma ce suga da taɓarya ma suna iya yi. Na ce ko hannun da na soka ban tuna ba. Kunya ta ishe ni, ban taɓa jin irinta a aiki ba.

Ta dubi layukan bango. Sannan ta ce da na ce mata ba ni ba ce, da ta san inda za ta ajiye ni. Da na ce ni ce, da ta yafe mini ta huta. Wannan da na ba ta, ba ta san me za ta yi da shi ba. Na ce ni ma haka. Ba ta raka ni ƙofa ba ranar, ni kuma Laraba biyu ban iya komawa ba.

Yanzu shekaru sun wuce, hannun ya ɗan saki, tana ɗaura ɗankwali in ta sunkuyar da kai, amma bai koma juya taɓarya ba. Daga baya kafaɗar hagun ma ta ɗan taɓa ta na wasu watanni ta sake ta, na ce to ga shi suga ne, sai na tuna ita ce ta ɗauki duk aikin da dama ta ajiye. Ni kaina yanzu kafaɗata ta dama tana hana ni sakat, wadda na yi shekaru ina rataya akwatin sanyi a kai, ba a taɓa yi mini allura a wurin ba. In na shafa mata mai sai in ce kin gani, haka kawai ma yana zuwa. Kafin in rufe kwalbar man sai in tuna bencin nan. Ku da kuka ce a soka a danna a zare, ku gaya mini a wane ɓangaren na ukun za ku sa wannan.

Amma bari in ƙarasa muku abin da ya faru a watan da na gaya mata ban sani ba. Ranar rigakafi ta sake zagayowa, wannan karon na ce wa mai unguwa zaure nake so, ko in koma da kayana. Ya ba ni, sai dai zauren ba ƙyaure, daga tabarmar dattawa ana hango ciki. Na jera kayana na tsaya jiran uwa ukun da na saba gani. Can sai ga Ya Falmata ta shigo, Yagana a bayanta da cikinta, a bayansu kuma wasu mata biyar ko shida sun tsaya daga nesa suna leƙe. Ta sa Yagana ta saka tsohuwar riga mai faɗin hannu. A hannun hagunta tana riƙe da 'yar kujerar tsugunno, ta dire ta a gabana ba ta gaishe ni ba.

"Zauna," ta ce. "Ta tetanus ɗin za ki yi mata. A hagu."

Ta kwance zanen da ta yafa a kan hijabi, ta je bakin ƙofa ta juya wa dattawa baya ta buɗe shi don ta kare 'yarta. Hannun hagu ya tashi har saman ƙofa. Na dama ya hau, ya hau, ya tsaya daidai kunnenta, inda allina ya tsaya. Labulen ya karkace gefe guda, haske yana shigowa ta saman kafaɗar. Haka ta riƙe shi.

Na naɗe hannun rigar Yagana har sama, na laluba ƙashin, na jera yatsuna. Ya Falmata tana kallo daga inda take, na ji tana ƙirga su a hankali da yarensu har uku. Na soka ƙasa da na ukun. Na gaya wa Yagana zai yi tsami kwana biyu, in ya wuce haka ta zo ta same ni, kada ta jira mako uku.

Da muka gama ta saki zanen, ta tsaya tana kokawar mayar da shi da hannu ɗaya. Na tashi na ɗora mata, hannuna ya sauka a kan kafaɗar dama. Ta dubi hannun nawa, ta dube ni.

"A nan ne, ko?"

"Ban sani ba, Ya Falmata."

Ta ce to. Ta sake kwance zanen da na gyara mata, ta koma bakin ƙofa ta ɗaga shi a karkace, ta leƙa waje ta kira ta gaba da sunanta.